Darasi na 9: Buɗe fayil, hukuncin da ake zartarwa kafin a rubuta komai

Duk manhajar da za ta amfani mutane sai ta taɓa fayil, ko jerin sunayen ɗalibai ne, ko lissafin kuɗin adashe, ko rasit ɗin shago. A harshen Python layi ɗaya ya isa a buɗe shi, kamar a rubuta open("bashi.txt", "w"). Mai koyo yakan zuba ido kan sunan fayil ɗin don kada ya yi kuskuren harafi, amma ɗan harafin nan na biyu da ke tsakanin alamun zance sai ya ɗauke shi kamar ado, ya kwafo duk wanda ya gani a misalin da ke gabansa. Wannan darasi yana kan ra'ayin cewa nauyin layin yana kan harafin nan. Shi ne ke gaya wa kwamfuta irin ikon da ake nema a kan fayil, kuma wani sashe na ikon ana zartar da shi nan take lokacin buɗewa, tun kafin manhaja ta rubuta ko da ɗigo. Saboda haka mai rubuta manhaja ya kamata ya nemi mafi ƙarancin ikon da zai biya masa buƙata, ko da akwai wani harafi mai faɗi da ya yi kama da ya fi sauƙi.

Haruffan sun girmi Python. Asalinsu harshen C ne, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a ɗakunan bincike na Bell a Amurka a farkon shekarun 1970, kuma ƙa'idar harshen ta shekarar 1989 ta tabbatar da su a cikin aikin da ake kira fopen. Da Guido van Rossum ya fito da Python a 1991 sai ya gaje su yadda suke, haka ma PHP da Ruby, shi ya sa wanda ya fahimce su a harshe ɗaya ya huta a sauran. Tushensu uku ne, kowanne harafin farko na wata kalmar Turanci: r na karatu, w na rubutu, a na ƙari a ƙarshe. Wanda ya buɗe da r dole fayil ɗin ya kasance akwai shi, in babu sai manhaja ta tsaya da saƙon kuskure, kuma ba shi da ikon sauya komai a ciki. Wanda ya buɗe da a za a ƙirƙira masa fayil in babu, in kuma akwai a bar masa abin da ke ciki, duk abin da ya rubuta ya sauka a ƙasa. Shi ma w yana ƙirƙira fayil in babu. Amma in ya tarar da shi akwai, sai ya share duk abin da ke ciki. A ƙarƙashin Unix da danginsa irin su Linux, harafin w haɗin umarni uku ne da ake miƙa wa babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta: a buɗe don rubutu kawai, a ƙirƙira in babu, a datse tsawonsa ya koma sifiri. Na ukun nan, mai suna O_TRUNC, shi ne ya ci dukiyar mutane da yawa.

Wanda ya yi makarantar allo ya san ba a wanke allo sai ɗalibi ya biya karatunsa malam ya gamsu. Harafin w yana wanke allo ba tare da tambayar ko an haddace ba, kuma abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne lokacin da yake wankewar. Mutane da yawa suna zaton sabon rubutu ne ke hawa kan tsoho ya danne shi a hankali, ta yadda in ba a rubuta komai ba tsohon yana nan. Ba haka abin yake ba. Manhajar da ba ta da komai sai layin buɗewa da w, ba umarnin rubutu ko ɗaya, za ta mayar da fayil mai shafi ɗari ya zama fanko. Kuma ba za a same shi a kwandon shara na kwamfuta ba, domin ba a goge fayil ɗin ba: sunansa na nan a wurinsa, cikinsa ne aka kwashe. Masu aiki da layin umarni na Linux sun san ɗan'uwan wannan tarko. Wanda ya rubuta sort suna.txt > suna.txt yana son a jera masa sunaye a mayar cikin fayil ɗaya, amma alamar > tana buɗewa ne irin na w kafin aikin jerawa ya fara, sai mai jerawa ya zo ya tarar da allo fari fat, ya jera babu, ya ajiye babu.

Ga mai rubuta Hausa akwai wata hanya ta musamman da wannan ke cizo, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Haruffanmu masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Najeriya ke sa 'y, ba sa cikin tsohon tsarin lambobin haruffa na cp1252 da Windows ke amfani da shi a kwamfutocin da aka saita da Turanci ko Faransanci. Sigogin Python 3 da suka daɗe a hannun mutane suna ɗaukar wannan tsari in ba a gaya musu wani ba. To, a ce manhaja ta karanta sunaye daga wani wuri, ta buɗe tsohon rajista da w don ta zuba sabon jeri, a cikin sunayen kuma akwai Ɗanladi ko unguwar Ƙofar Mata. Buɗewa ta yi nasara, an wanke allo. Da aka zo rubutu sai Python ya tarar ba shi da lambar da zai ba harafin, ya tsaya da kuskuren UnicodeEncodeError. Tsohon rajista ya tafi, sabo bai iso ba. Maganin rabin matsalar shi ne a riƙa faɗin tsarin a fili kowane lokaci, a rubuta encoding="utf-8" a cikin layin buɗewa. Ken Thompson da Rob Pike ne suka tsara UTF-8 a 1992, kuma yana ɗaukar haruffanmu duka, masu ƙugiyar kowanne a bayit biyu. Wanda ya taɓa ganin Æ™ a inda ya kamata ƙ ya fito, ko É— a wurin ɗ, ya ga fayil ɗin da aka rubuta da UTF-8 aka karanta da cp1252. Amma a lura rabi ne kawai wannan ya magance. Gobe wani dalili daban zai tsayar da manhaja tsakanin buɗewa da rubutu, kuma sakamakon ɗaya ne.

A nan mai koyo mai kaifin tunani zai kawo suka ta farko. Tunda akwai alamar + da ke ba da karatu da rubutu a lokaci ɗaya, me ya sa ba za a riƙa buɗe komai da r+ a huta da zaɓe ba? Ai r+ ba ya share komai, kuma yana yin aikin biyu. Sukar tana da ƙafa, domin gaskiya ne r+ ba ya datse fayil. Sai dai tana tsaye kan zaton cewa fayil kamar shafin manhajar buga takarda yake, inda in ka sa harafi a tsakiya sauran sai su matsa su ba shi wuri. Fayil jerin bayit ne a layi, kowanne da gurbinsa, kuma akwai wata alama, kamar yatsan mai karatu a kan layi, da ke nuna inda aiki na gaba zai faɗa. Rubutu da r+ hawa yake yi kan abin da ke ƙarƙashin yatsan. In fayil yana ɗauke da kalmar Katsina aka buɗe shi da r+ aka rubuta Jos, abin da zai rage a ciki shi ne Jossina. In kuma wani ya so gyara kuskuren rubutu, ya mayar da kasa ta zama ƙasa ta hanyar rubuta ƙ a farko, harafin zai cinye gurbi biyu, na k da na a, ya bar masa ƙsa. Akasin haka ya fi muni: a rubuta k a kan ƙ, rabin tsohon harafin zai saura a rataye, bayit ɗin da ba shi da ma'ana shi kaɗai, kuma mai karatu na gaba zai tsaya da kuskure. Wurin r+ na gaskiya shi ne fayil ɗin da kowane bayani a cikinsa yake da tsayi tsayayye, inda aka san gurbin kowa da lissafi. A rubutun yau da kullum ba kasafai ake da wannan ba.

Sauran biyun masu alamar + ba su fi shi sauƙin kai ba. Harafin w+ yana wanke allo kamar w, sannan ya ba ka izinin karanta abin da ka rubuta bayan wankewar, kuma da yawa sun zaɓe shi suna zaton karatun zai fara zuwa. Shi kuwa a+ a Python yana ajiye yatsa a ƙarshen fayil, sai mutum ya nemi karatu a ba shi babu, ya ɗauka fayil ɗin fanko ne. Ko ya mayar da yatsan farko ya karanta, duk rubutun da ya yi ƙarshe zai koma. A harshen C ma ƙa'ida ta ɗora sharaɗin a kira fflush ko fseek kafin a juya daga rubutu zuwa karatu, in ba haka ba babu tabbacin abin da zai faru.

Akwai kuma dalilin da ya fi duk waɗannan zurfi. A 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder sun wallafa wata maƙala kan tsaron bayanai a kwamfuta, inda suka bayyana ƙa'idar cewa kowace manhaja da kowane mai aiki a ba shi mafi ƙarancin ikon da aikinsa ke buƙata. Tsaro suke magana a kai, amma ƙa'idar ta dace da kuskuren da mutum ke yi wa kansa. Manhajar da aikinta lissafa jimillar bashi ne, in ta buɗe littafin da r, to ko an yi tuntuɓen alƙalami wani layi ya nemi rubutu, kwamfuta za ta ƙi, ta nuna layin da laifin yake. In da r+ ta buɗe, kuskuren zai wuce shiru, a gano shi bayan wata biyu lokacin da lissafi ya ƙi haɗuwa. Saƙon kuskure yana ɓata wa mai koyo rai, amma ya fi shirun da ɓarna ke tafiya a cikinsa. A Python ma r ne abin da ake ɗauka in ba a rubuta harafi ba.

Suka ta biyu ta fi ta farko wayo. Mai ita yana cewa: in tsoron share tsohon fayil ake yi, sai a fara dubawa ko akwai shi, in babu sannan a buɗe da w. A kwamfutar mutum ɗaya mai manhaja ɗaya wannan yakan yi aiki, ba a musun haka. Amma tsakanin dubawa da buɗewa akwai ɗan rata, kuma kwamfuta tana gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda. A ce ma'aikata biyu suna yin rasit a kan rumbun ajiya ɗaya, kowanne ya duba ya ga babu rasit mai lamba 214, kowanne ya buɗe da w, na biyu zai wanke aikin na farko ba wanda ya sani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan ko ta ƙiftawar ido ce ta isa. Don toshe ta aka samar da harafin x, wanda ya shiga ƙa'idar C a 2011, ya kuma zo cikin Python 3.3 a 2012, ko da yake Unix ya daɗe da irinsa mai suna O_EXCL. Shi yana haɗa dubawa da ƙirƙira su zama mataki ɗaya da ba mai iya shiga tsakiyarsa. In fayil ɗin na nan, sai ya tsaya da FileExistsError bai taɓa komai ba. A ganina duk inda niyyar mutum ita ce yin sabon fayil, x ya kamata hannunsa ya fara kaiwa, a bar w sai inda da gangan ake son maye gurbin tsoho.

Harafin a ya fi kama da littafin bashin ɗan kasuwa, wanda ba a goge layin jiya, sai dai a ƙara na yau a ƙasa. Shi ya dace da rajistar abubuwan da ke faruwa, kuma yana da wata baiwa: babbar manhaja ce da kanta ke kai yatsa ƙarshe kafin kowane rubutu, saboda haka manhajoji biyu a kwamfuta ɗaya za su iya zuba layuka cikin rajista ɗaya ba tare da ɗaya ta hau kan ɗaya ba. Nasa lahanin ƙanana ne amma na gaske. Manhajar da aka tayar sau biyu za ta rubuta bashin sau biyu. Ba ya sa alamar sabon layi da kansa, in an manta sai sunaye su manne. Kuma in an yi kuskuren sunan fayil ba ya ƙorafi, sabo kawai zai buɗe a gefe, mutum ya yi ta mamakin inda bayanansa suka shiga.

Saura harafin b, wanda ake liƙa wa sauran, kamar rb ko wb, don a ce bayit zalla ake so ba rubutu ba. Asalin buƙatarsa tsohon saɓani ne kan ƙarshen layi. Unix yana rufe layi da bayit ɗaya mai lamba 10, Windows kuwa da biyu, 13 sannan 10, gadon injunan buga saƙo na dā inda umarni ɗaya ke mayar da kan injin farkon layi, ɗaya kuma ya sauke takarda. A yanayin rubutu a Windows, ana fassara tsakanin biyun a ɓoye. Ga wasiƙa wannan alheri ne. Ga hoto ko sauti ɓarna ce, domin lamba 10 a cikinsu tana iya zama launi ko wani ɓangaren murya. Waɗanda suka tsara hoton PNG a tsakiyar shekarun 1990 sun san da wannan sosai, har suka dasa tarko a bakin ƙofa: kowane fayil ɗinsu yana farawa da bayit takwas, 137, 80, 78, 71, 13, 10, 26, 10. Na biyu zuwa na huɗu su ne haruffan sunan, amma 13 da 10 da ke tare, da 10 na ƙarshe da ke shi kaɗai, an sa su ne don in wata manhaja ta taɓa ƙarshen layi ta kowace fuska, a gane tun daga nan cewa hoton ya lalace a hanya. A C a kan Linux harafin b ba ya sauya komai, shi ya sa manhajar da aka manta da shi takan yi lafiya a can, ta zo Windows ta fara ɓata hotuna.

To in r+ ba ya matsar da rubutu, w kuma yana sharewa tun farko, ta yaya za a gyara fayil mai daraja? Hanyar da ƙwararru suka zauna a kai ita ce kada a taɓa asalin sai sabon ya kammala. A buɗe tsohon da r a karanta, a rubuta gyararren cikin wani fayil na wucin gadi a babban fayil ɗaya, a rufe shi, sannan a sauya masa suna ya hau kan na tsohon, wanda a Python ake yi da os.replace. A tsarin Unix sauya suna mataki ɗaya ne, duk wanda ya duba ko dai ya ga tsohon cikakke ko sabon cikakke. Rufewar ba ƙaramin abu ba ce, domin abin da manhaja ta rubuta yakan tsaya a wata ma'ajiyar jira kafin ya sauka kan faifai, shi ya sa ake amfani da with, wanda ke rufe fayil ko da an yi kuskure a tsakiya. Ko bayan rufewa babbar manhaja tana iya jinkirta saukewa. A farkon 2009 masu gwada sabon tsarin ajiya na Linux mai suna ext4 sun riƙa samun fayilolin saitinsu fanko bayan kwamfuta ta mutu ba shiri, saboda an riga an datse ko an sauya suna alhali bayanan suna jira. An gyara tsarin a Linux 2.6.30, amma darasin da aka ɗauka shi ne mai son tabbaci ya kira fsync kafin sauya suna. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, kuma batirin kwamfutar ya tsufa, wannan ya shafe mu kai tsaye.

Za a ce wannan wahala ta yi yawa ga ƙaramar manhaja, kuma wani lokaci haka ne. Rahoton da ake iya sake fitarwa cikin daƙiƙa biyu daga bayanan da ke wani wuri, a buɗe shi da w ba laifi, don aikin da aka yi harafin ke nan. Ma'aunin shi ne tambaya ɗaya: in manhaja ta mutu daidai bayan layin buɗewa, me aka rasa? In amsar ita ce ba komai, w ya isa. In amsar ita ce kwafi ɗaya tilo na sakamakon jarrabawar zango, layuka uku na ƙari ba su kai darajar abin da suke karewa ba. Masu cewa akwai kwafin ajiya su tuna cewa kwafin yana mayar da mutum jiya ne, aikin yau ya tafi, kuma manhajojin da ke daidaita fayil da intanet kai tsaye suna iya ɗaukar fankon su kai can. Masu cewa rumbun bayanai ya kawar da wannan duka kuwa, su leƙa cikinsa: SQLite, wanda ke cikin kusan kowace wayar hannu ta zamani, yana rubuta wani fayil na gefe ne kafin ya taɓa asalin, dabara ce mai kama da wadda aka bayyana a sama.

Aikin gwaji: a yi fayil mai suna gwaji.txt a cikin babban fayil da ba komai mai amfani a ciki, a rubuta kalmar kasa kawai, a ajiye kwafi shida. A buɗe kowane kwafi da ɗaya daga r, w, a, x, r+ da w+, tare da encoding="utf-8", a yi ƙoƙarin rubuta harafin ƙ. Kafin a tayar da kowanne, a rubuta a takarda abin da ake zaton zai rage a ciki da girmansa a bayit, sannan a duba. Bayan haka a sake yin na w, amma a cire layin rubutun gaba ɗaya.